Ɗana, Kafin Ka Zaɓi Jirgin Alkafura

Ɗana, tunda wasan nan na tuƙa ƙaramin jirgi da waya ya shiga ranka har kana hangen gasa, bari mu yi maganar jirgin da za ka zaɓa tun kuɗinka suna aljihu. Na san inda idonka yake. Yana kan hotunan manyan jiragen da ke lashe kofin duniya, masu fenti mai ɗaukar ido, kuma zuciyarka tana raya maka cewa in ka samu irinsu rabin aiki ya ƙare. Ba laifinka ba ne, kowane yaro da haka yake farawa. Amma kama da wane ba ta wane. Jirgin da gwani ya ci gasa da shi, shekara da shekaru aka yi ana daidaita shi da hannun gwanin, kai kuwa naka hannun bai riga ya nuna ba.

Mu fara da abin da alƙalan gasa suke nema, don shi zai gaya maka irin jirgin da kake bukata. Kana tsaye a tsakiyar fili, mariƙi a hannunka, siraran wayoyin ƙarfe biyu sun tashi daga mariƙin sun shiga ta ƙarshen fiffiken hagu. A cikin fiffiken an ɗaure su a wani majuyi mai kusurwa uku, shi kuma yana tura sanda zuwa leɓen wutsiya. Ka karkata hannu sama jirgi ya ɗaga hanci, ka karkata ƙasa ya sunkuya. Iyakar ikonka ke nan, babu totur, babu birki, babu dama balle hagu. Wani Ba'amurke mutumin Portland, Jim Walker, shi ya yaɗa wannan tsari da jirginsa Fireball a 1940, kuma har yau kofin da ake ba zakaran Amurka sunansa yake ɗauke da shi. A ƙa'idar FAI, hukumar wasannin sama ta duniya, ajin alkafura shi ne F2B. Tsawon waya daga mita 15 zuwa 21.5, nauyin jirgi kada ya wuce kilo 3.5, kuma minti 7 aka ba ka, ka tayar da inji, ka tashi, ka gama komai, ka sauka. A Amurka, inda ƙungiyar AMA take da tata ƙa'idar, minti 8 ne.

A cikin waɗannan mintoci za ka zana siffofi a sama bi da bi, a jerin da ba ya canjawa. Za ka keta ta bisa kanka ka dawo a kife, ka yi zobe uku ta ciki, ka yi tafiya a kife, zobe uku ta waje, murabba'i ta ciki da ta waje, alwatika, sannan siffar 8 iri-iri: a kwance mai zagaye, a kwance mai kusurwa, a tsaye, da wadda ake yi daidai tsakar ka. Kafin ta tsakar kan akwai wata mai ƙirar kalangu, faɗi sama faɗi ƙasa, tsuke a tsakiya, ita ce mai kayar da gaban sabon shiga. Daga ƙarshe ganye huɗu, sai ka jira inji ya mutu ka sauka. Gindin yawancin siffofin mita 1.5 ne daga ƙasa, wato kusan kafaɗarka, jirgin kuwa yana zagaye fili a daƙiƙa 5 da 'yan kai, kusan kilomita 90 a awa. To ka auna: jirgi ya sulmiyo kai ƙasa da wannan gudu, ka karya masa kwana daidai kafaɗarka, ya fito a miƙe ba tare da ya yi tsalle ko ya girgiza fiffike ba. Wannan fitar ita alƙali yake kallo. Saboda haka jirgin gasa ana so ya juya da kaifi ya kuma tsaya cak inda aka tsayar da shi, gudunsa a hawa kada ya bambanta ƙwarai da na gangara, kuma ya riƙe waya a miƙe ko da yana bisa kanka, inda nauyinsa yake neman ya faɗo maka. A tafiyar kwance jan da kake ji a hannu ya kusa ninki uku na nauyin jirgin. Can sama kuwa jan yakan ragu sosai, kuma da waya ta saki, jirgin ya fita daga hannunka.

Babu wanda ya koyi wannan bai fasa jirgi ba. Ban faɗa don in tsorata ka ba, lissafi nake so ka yi da shi. Koyon tafiya a kife kaɗai, inda sama ta koma ƙasa a hannunka, yakan ci jirgi, zoben waje ma haka. Don haka jirginka na farko ya zama wanda in ya faɗi ba za ka kwana kana juyi ba, kuma gam da 'yan guntayen katako za su mayar da shi sama kafin Asabar ta zagayo. Wanda yake tsoron fasa jirginsa ba ya yarda ya sauko ƙasa-ƙasa, kullum yana can sama yana kare fenti, kuma makin yana nan ƙasa.

Irin da ya dace da wannan shi ne mai gangar jiki falle ɗaya, wato allon katakon balsa mai kaurin milimita 12 ko kusa da haka, an soka fiffike a cikinsa, inji da tanki da sanda duk suna waje ido yana ganinsu. In abu ya kwance za ka gani, in ya karye za ka kai hannu. Shahararre a cikinsu shi ne Ringmaster, wanda Matt Kania ya zana, kamfanin Sterling ya fito da shi a farkon shekarun 1950, kuma ya koya wa mutane da yawa tashi. Ina girmama shi, amma in gasa ce a ranka ba shi zan miƙa maka ba, don fiffikensa siriri ne, in ya ɗan yi nauyi sai ya zame a kwana mai kaifi. Flite Streak na George Aldrich ya fi shi kauri a fiffike da saurin juyi. Skyray 35 na kamfanin Sig shi ma haka, ba shi da leɓen fiffike, ba abin da za ka ruɗe da shi wajen daidaitawa, kuma da ƙaramin inji na zamani mai si-si 3.5 zuwa 4 zai zana maka duk siffofin nan. Kada ƙanƙantarsa ta sa ka raina shi. Gasar Amurka hawa huɗu ce, daga ajin sabon shiga zuwa na gwanaye, kuma ajin farko gajeren jeri ake yi, ba alwatika ba kalangu. Jirgi irin wannan ya ishe ka wannan aji har ka leƙa na gaba.

Yanzu ga inda nake so ka fi ba ni hankalinka: inji. Yara kan ɓata wata guda suna gardamar wane jirgi ya fi, sannan su ɗaura masa kowane inji ya zo hannu. Da za a ce in zaɓa maka tsakanin jirgi mai kyau da inji mai gardama, ko jirgi matsakaici da inji mai biyayya, ba zan yi dogon tunani ba, na biyun zan ɗauka. Tunda ba ka da totur, yadda ka saita allurar mai a ƙasa haka za ka zauna da shi har man ya ƙare. In ya zabura a sama ya shiga gudun fitar hankali, sai dai ka yi ta juyi kana addu'a. In ya mutu kana tsakar siffar bisa kai, waya ta saki. In kuma ya daɗe bai mutu ba lokaci ya wuce, makin sauka ya tafi. Gwaji goma da injin da kowane tashi halinsa daban bai kai gwaji uku da wanda ya tsaya a kan hali ɗaya ba, don hannu ba ya koyon komai in gudun jirgi yana canjawa kullum.

Mutanen da suka riga mu sun warware wannan da dabara mai ban sha'awa. Injin Fox 35, wanda Duke Fox ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1940, akan buɗe masa mai ya ɗan yi yawa, sai ya riƙa tafiyar kwance da gurnani. Da jirgi ya ɗaga hanci nauyi ya hau farfela, sai muryarsa ta yi tsini ƙarfi ya ƙaru. Da ya gangaro sai ya koma gurnaninsa, ya rage gudu da kansa. Mai kunne yana iya juya wa fili baya ya gaya maka siffar da ake yi. Sai dai injin yana da sharaɗi: man da yake sha, wanda methanol ne tushensa, sai an zuba masa man zurma mai yawa, kusan kashi 28 cikin 100, in ba haka ba ya yi zafi ya lalace. Daga baya, wajen ƙarshen shekarun 1980, aka shigo da dogon bututun salansa wanda ake auna tsawonsa don ya riƙe juyin inji wuri ɗaya, ana haɗa shi da farfela mai ƙaramin cizo. Manyan injuna irin su PA da RO-Jett da shi suka yi suna. Ga mai koyo kuwa, O.S. LA 25 da LA 46 sun daɗe suna riƙe amana, ba su da tsada ba su da rigima. Yawancin waɗannan tsofaffin yanzu na hannu ake samu, don haka kafin ka biya ka juya farfela da yatsa ka ji ko matsin yana nan.

Ga kuma lantarki, wanda ya cika filayen gasa a yau. Batir ne da inji mara hayaƙi, da na'urar da take riƙe juyin farfela a adadi ɗaya, da ɗan agogo da yake kashe shi daidai daƙiƙar da ka saita. Igor Burger na ƙasar Sulobakiya ya ci kofin duniya a 2012 da 2014 da jirginsa Max Bee, wanda ya sa wa na'ura mai jin hawa da gangara tana ƙara ƙarfi tana ragewa, wato abin da Fox yake yi da gurnani shi ya yi da lissafi. Ni ƙamshin man zurma da ya ƙone yana daga cikin abin da ya riƙe ni a wasan nan, amma gaskiya ɗaya ce, in ba ka da gwanin inji kusa da kai, lantarki zai fi yi maka sauƙi. Tashi na yau da na gobe iri ɗaya ne, ba mai da zai jiƙa katako ya ruɓar da shi, kuma nauyin jirgi ba ya canjawa daga tashi zuwa sauka, alhali mai tanki yana ƙona giram 100 ko fiye daga hancinsa, sai ya zama jirgin da ya yi zoben farko ba shi ne ya yi ganye huɗu ba. Abin da za ka biya shi ne kuɗin batura da caja tun farko, da kiyaye su, don batirin LiPo da aka huda ko aka yi wa caji ba daidai ba yana kamawa da wuta. In kuwa a filin da za ka riƙa zuwa kowa da injin mai yake tashi, bi su. Abin da mutanen filinka suka sani ya fi maka amfani a kan abin da ya fi kyau a takarda, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ko sakin jirgi sai wani ya riƙe maka wutsiya.

Idan ka kai inda kake gama jerin nan duka ba faɗuwa, sai a yi maganar jirgi mai leɓen fiffike. Wannan leɓe yana haɗe da na wutsiya, in wancan ya ɗaga wannan ya sauka, sai fiffike ya ƙara kama iska daidai lokacin kwana. Bob Palmer yana cikin waɗanda suka fara yaɗa shi, sannan Aldrich ya fito da Nobler a farkon shekarun 1950, jirgin da kusan duk na yau jikokinsa ne. Faɗinsa santimita 127 ne, nauyinsa bai fi kilo 1.1 zuwa 1.2 ba in an gina shi da kula, kuma Bob Gieseke ya ci kofin duniya a 1974 da Nobler da ya yi wa nasa gyare-gyare. A wannan mataki ma ba dole sai mai cikakken jiki ba. Twister na Sig, musamman da gyaran da Ted Fancher ya yi masa na ƙara tsawon jiki, ko Cardinal da Pathfinder na kamfanin Brodak da ke Pennsylvania, duk falle ɗaya ne masu leɓe, kuma a hannu mai kyau suna kunyata manyan jirage. Abu ɗaya za ka tsare a irinsu: hancin ya yi ƙarfi. Inji a kwance yake a gefen allo, in allon yana karkarwa sai man tanki ya yi kumfa, injin ya rikice, ka yi ta zargin allura da fulogi alhali katako ne. In kana son cikakken jiki mai matsakaicin girma, Vector 40 na Randy Smith ya amsa sunansa.

Manyan kuwa, masu faɗin santimita 150 da nauyin kilo 1.6 zuwa 1.9, irin su Impact da Paul Walker ya ci duniya da shi a 1992, ko Thunder Gazer na David Fitzgerald a 2008, suna da dalilinsu. Suna tashi a kan waya mafi tsawo, siffa tana fitowa da faɗi alƙali ya gani sarai, iska ba ta wasa da su kamar ƙanana, kuma babbar wutsiyarsu tana ba su damar juyawa da kaifi su tsaya. Amma gininsu watanni ne, kuma suna jin kowane ɗan motsi na hannu, har wanda ba ka san ka yi ba. Akwai kuma na 'yan'uwan nan Yatsenko na ƙasar Yukren, waɗanda ake saye a game, a kwance su a zuba a akwati. Orestes Hernandez na Amurka ya ci kofin duniya a 2016 a birnin Perth da Shark ɗinsu. Jirage ne na ƙwarai, kuɗinsu ma na ƙwarai ne, kuma in ka dasa ɗaya a ƙasa ba gam ɗin kanti zai tashe shi ba.

Wannan ya kawo mu ga batun ginawa ko saye, kuma a nan ka karanta ƙa'idar gasar da za ka shiga kafin komai. A F2B ba ruwan kowa da wanda ya gina jirgi, tashi kawai ake ba maki, kowace siffa daga 0 zuwa 10 a ninka da gwargwadon wahalarta. A Amurka kuwa kowace siffa daga 10 zuwa 40 ce, kuma akwai makin kyau har 20 wanda sai wanda ya gina jirginsa da hannunsa ake ba. Akwai kuma azuzuwan tsofaffin ƙira, ɗaya na jiragen da aka zana zuwa ƙarshen 1952, ɗaya zuwa ƙarshen 1969. Mai wayo yakan zaɓi jirgi ɗaya da zai shiga aji biyu da shi, kamar Nobler ko Oriental na Dee Rice, ya samu tashi biyu a gaban alƙalai a rana guda. Ni dai ina son ka gina aƙalla ɗaya daga kwali, ko ba don maki ba. Wanda ya manna haƙarƙarin fiffike da hannunsa ya san inda zai duba in jirgi ya fara sabon hali. In kuma wanda aka kusa gamawa a masana'anta ka saya, kada ka yarda da abin da ba ka gani ba. Ka leƙa majuyin da yadda aka ɗaure wayoyin da suka fito daga gare shi, don a ranar gasa za a ja su da ƙarfin da ya ninka nauyin jirgin sau 10 kafin a bar ka ka tashi, kuma ba ka so a nan ne za ka gano rauninsu.

Ko wane ka ɗauka, sunan da ke kan kwali bai kai miƙewa da rashin nauyi muhimmanci ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ka tsaya a bayan jirgi ka daidaita idonka da wutsiya, ka duba ko fiffike ya murɗe. 'Yar murɗewar da ido da ƙyar yake kamawa tana sa jirgi ya karkato ciki a miƙe ya karkata waje a kife, ko akasin haka, sai jan waya ya bambanta tsakanin zoben ciki da na waje. Layin inji da na fiffike da na wutsiya su tafi tare, kada ɗaya ya kalli sama. Ka motsa wayoyin da yatsa, leɓuna su bi ba cijewa ba kuma sako-sako, har in ka saki su faɗo da nauyin kansu. Ramin da ke tsakanin leɓe da fiffike a rufe shi da siririn salatif, don iskar da take zurarewa ta nan tana canja halin juyi. Katakon balsa, wanda yawancinsa daga Ekwado yake zuwa, ba nauyinsa ɗaya ba, allo biyu masu girma ɗaya wani yana iya ninka wani. Ka sayi ƙaramin sikeli ka auna kafin ka yanka, mafi sauƙin ya tafi wutsiya, don giram 10 da ya yi yawa a can sai ka biya shi da giram 20 ko 30 na darma a hanci. Fenti kuma ɓarawo ne. Kwalliyar babban jirgi tana iya cin giram 200 zuwa 300, kuma duk giram ɗin sai fiffike ya ɗauke shi a kwanar alwatika ta ƙarshe.

Sannan ka nemi jirgin da aka bar wa ƙofofin gyara. A ƙarshen fiffiken dama akwai ɗan akwati na ƙara darma ko ragewa, don a rama nauyin wayoyin da suke jan na hagu. In ta yi kaɗan jirgi ya riƙa leƙowa ciki, in ta yi yawa fiffiken waje ya riƙa faɗuwa a kowace kwana. Inda wayoyi suke fita a fiffiken hagu ya zama ana iya matsar da shi gaba ko baya. Sandar wutsiya ta zama mai noti, a tsawaita ko a rage, har zoben ciki da na waje su zo girma ɗaya da motsin hannu ɗaya. Mariƙi ma ya zama ana iya tsuke tazarar wayoyinsa, don sau da yawa abin da yaro yake kira jirgi mai zafin kai mariƙi ne ya yi faɗi. In za ka gyara, abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka tashi, ka rubuta abin da ka gani. Wanda ya taɓa abu uku a tare, ko jirgin ya gyaru bai san me ya gyara shi ba.

Ka kuma duba inda za ka tashi. Ana yin siffofi ne iska tana bugun bayanka don ta tura jirgi waje, kuma in filinka mai iska ne, jirgi mai kaurin fiffike da inji mai riƙe gudu ya fi maka wanda ya cika sauƙi har iska tana ɗaukarsa. In ciyawa ce, tayoyi su ɗan matsa gaba kada ya kifa da hanci, in kwalta ce su koma baya kaɗan kada ya yi ta tsalle a sauka. Iska mai zafi ba ta da kauri, haka ta kan tudu, don haka jirgin da ya yi kyau a sanyin Turai yana iya nutsewa a kwana in ka kawo shi zafin bazarar Kano ko Damagaram. In nan gida za ka yi gwaji, ka ƙara tsananta wa kanka a kan nauyi, ka fita da sassafe, ka sa matata a bakin injin mai saboda ƙurar hunturu, kuma kada ka bar jirgi ko batir a cikin mota a rana. Ka auna ƙofar motar ma kafin ka gina fiffiken da ba ya cirewa. In gasar sai an hau jirgin fasinja, mai kwancewa ya zama dole, batura a jakar hannu ake shiga da su, man inji kuwa ba a ɗaukarsa, sai ka nema a can.

Abu ɗaya ban yarda a yi wasa da shi ba. Wayoyin nan ƙarfe ne, ɗaya ƙarshen yana hannunka. Kada ka tashi a kusa da wayar lantarki, komai nisan da idonka ya nuna maka, don an yi asarar rayuka ta haka. Kada ka tashi in hadari ya haɗo. Fili ya kai mita 50 a faɗi ba kowa a ciki, kuma igiyar mariƙi kullum tana ɗaure a wuyan hannunka.

In Allah ya sa ka samu jirgi miƙaƙƙe mai inji mai biyayya, ka zauna da shi. Cutar da take kama 'yan aji na biyu ita ce canjin jirgi duk bayan gasa, maki ya yi ƙasa a ce ƙira ce. Gara ka gina na biyu irinsa sak, inji ɗaya, farfela ɗaya, waya ɗaya, in wannan ya faɗi ana gobe gasa ka ɗauko ɗan'uwansa hannunka bai ji baƙo ba. Daga tsakiyar fili ba ka ganin siffarka yadda take, zoben da ka rantse zagayayye ne daga waje ƙwai ne. Ka samu wanda ya fi ka ya tsaya ta inda iska take fitowa, nan alƙalai suke tsayawa, ya riƙa gaya maka gindin murabba'inka ya yi sama ko mahaɗar 8 ɗinka ta goce. Wata rana ka miƙa masa mariƙin ya tashi da jirginka. In ya zana da shi abin da kai ka kasa, ka karɓi abinka ka koma gwaji. In shi ma ya sauko ya ce a kwana ta uku ta kalangu jirgin yana nutsewa, kuma an rage nauyi an gyara abin da za a gyara bai daina ba, to sai ka fara auna teburinka ko zai ɗauki fiffike mai santimita 150.